Fitar Farko da Sabon Keke Zuwa Bayan Gari

Duk wanda ya taɓa sayen sabon keke ya san wannan ɗokin. Ka jingine shi a zaure, leda na nan a jikin sirdi ba ka cire ba, ƙamshin sabuwar roba da giris ya cika wurin, kana shiga kana fita kana kallonsa. Zuciyarka ba ta raya maka komai sai gari ya waye ka miƙi hanyar ƙauye. Ban ga laifinka ba, don an yi keke ne domin a hau. Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka ɗora ƙafa: sabon keke bai gama haɗuwa ba sai ya taka ƙasa. Galibin kekunan da ke kasuwanninmu a kwali suke zuwa, rabi a haɗe rabi a warwatse, a nan ake ƙarasa ɗaure su, sau da yawa cikin sauri saboda mai saye na tsaye yana jira. Don haka fitar farko gwaji ce. Kai za ka san keken, shi kuma kowane ƙarfe na jikinsa zai zauna a mazauninsa.

Ni da kaina na ga haka. Ranar da na fara fita da nawa ta hanyar Gwarzo, na wuce sabuwar Jami'ar Bayero na sauka daga kwalta na shiga wata hanyar ƙasa, ban yi nisa ba na ji fedar hagu tana wani ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafata duk zagaye ɗaya. Na ce sabunta ce, na ci gaba. Kafin in kai inda na nufa fedar ta cinye zaren ramin da take ciki, wato tsagin da ake murɗa ta a kai ta ɗauru, ta faɗo. Da ƙafa na turo keken har bakin titi cikin rana, kuma sai da aka canza ƙarfen da ke riƙe fedar gaba ɗaya. Sifana ɗaya da minti biyu a daren jajibirin fitar da sun hana wannan asarar.

Daren jajibirin fita: ka bi keken da hannu

Kada ka bar wannan aikin sai da asuba. Ka samu haske mai kyau, ka fara daga gaba zuwa baya don kada ka tsallake wani wuri.

Tsaya a gaban keken, ka matse tayar gaba a tsakanin gwiwoyinka, ka kama kan keken ka yi ƙoƙarin murɗa shi hagu da dama. Idan kan ya juya taya ba ta bi shi ba, notin wuya bai ɗauru ba, kuma wannan shi ne sakacin da ya fi kowanne haɗari, domin a gangara ko cikin yashi yake nuna kansa. Daga nan ka danne birkin gaba ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuyan, boris ɗin wurin yana da sako-sako, sai an ƙara matse shi kaɗan, ba har ya hana kan juyawa ba.

Ɗaga gaban keken ka juya wili, ka zuba ido a tsakanin robar birki da bakin wilin. Ya kamata tazarar ta zauna yadda take har ya gama zagayawa. In wilin yana rawa, yana matsowa yana ja da baya, wayoyinsa ne ba a ja su daidai ba. Ka kama wayoyin bibbiyu ka matsa da yatsu, za ka ji wadda ta saki a cikinsu. Wannan ba aikin da za ka koya a daren nan ba ne, ka kai wa mai gyaran keke da ya iya ɗaurin wili. Haka za ka yi wa na baya. Notin da ke riƙe wili a jikin keke galibi sifana lamba 15 yake ci, ka tabbata duka huɗun sun ɗauru.

Sai feda. A nan mutane da yawa ke yin ɓarna ba su sani ba: fedar dama ana ɗaure ta ne yadda aka saba ɗaure kowane noti, amma ta hagu zarenta a juye yake. Hanya mai sauƙin tunawa ita ce, kowace feda tana ɗauruwa idan ka murɗa sifana zuwa wajen tayar gaba ta sama. Idan kekenka irin na iyayenmu ne, samfurin Raleigh ko Phoenix mai taya inci 28 da birkin ƙarfe, akwai wata 'yar ƙusa mai noti da ke riƙe ƙarfen feda a jikin gindin keken. Ba a jawo ta da noti, zarenta zai tsinke. Guduma ake sa wa a buga kanta ta shige sosai, sannan a matse notin. Keken da yake ƙara "ƙyat, ƙyat" duk taku, yawanci wannan ƙusar ce ta saki.

Birki kuwa ka fara sanin wane hannu ne na gaba, wane ne na baya, domin ba duk kekuna suke ɗaya ba. Wasu na gaban yana dama, wasu yana hagu. Ka danna kowanne har ƙarshe. Idan hannun birkin ya taɓa inda kake riƙewa kafin taya ta tsaya cak, wayar birkin ta yi tsawo. Ka duba robar birkin ma, ta sauka a kan ƙarfen wili sosai, kada gefenta ya shafi taya, don in tana gogar taya za ta yanka ta a hankali har ta fashe.

Sarƙa a keken da ba shi da giya tana son ɗan sassauci, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙasa idan ka taɓa tsakiyarta. Ta fi haka za ta riƙa zamewa a gargada, ta gaza haka za ta ci boris ta kuma sa tuƙi nauyi. Mai giya kuwa ka ɗaga bayansa, wani ya juya maka feda, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ka ga kowace tana shiga ba gardama.

Tsayin sirdi

Zan ɗan daɗe a nan domin shi ne abin da ya fi sa mutane su tsani keke tun ranar farko. Mafi yawanmu muna barin sirdi ƙasa don mu iya dafa ƙasa da ƙafa biyu muna zaune. A cikin unguwa ba matsala. A doguwar tafiya kuwa gwiwa ce za ta biya, domin ƙafa ba ta miƙewa, duk nauyin yana tarewa a ƙoƙon gwiwa.

Ga yadda ake aunawa. Jingina da bango ka hau, ka sauke feda ɗaya ƙasa iyakarta, ka ɗora diddigenka a kai. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka dawo da tudun tafin ƙafarka na gaba kan fedar, wanda da shi ake tuƙi, za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Nan ne daidai. A jikin ƙarfen da ke ɗauke da sirdin akwai layi da aka zana, alamar iyakar inda za a iya zaro shi. Kada layin nan ya fito waje. In har sai ka wuce shi kafin tsayin ya yi maka, keken ya yi maka ƙanƙanta ne. Sirdin kuma ya kwanta daidai, hancinsa bai kalli sama ba bai kalli ƙasa ba. Kuma don Allah ka cire ledar nan, santsi take sawa, ga zufa.

Iska a taya

A gefen tayoyi da yawa an rubuta mafi ƙarancin iska da mafi yawan da za ta ɗauka, da lamba da haruffan PSI a gabanta. A kwalta kana iya kusantar babbar lambar. A hanyar ƙasa ka tsaya wajen tsakiya ko ƙasa da haka kaɗan, taya za ta fi kama ƙasa, jikinka kuma zai huta da jijjiga. Amma kada ka rage har ta yi laushi, don idan ka daki dutse ko bakin rami, wili zai cije tiyub ya yi masa huda biyu a jere kamar saran maciji. In ba ka da famfo mai agogo, ka danna tayar da babban yatsa da ƙarfi, ta ɗan motsa ƙwarai kaɗan. Ka lura da mai faci na bakin titi, injinsa na tayar mota ne, cikin daƙiƙa kaɗan zai iya cika tayar keke fiye da ƙima.

Ka duba irin bawul ɗin da kekenka yake da shi, wato bakin da ake hura wa taya iska, ka tabbata bakin famfonka ya dace da shi. Wasu irin na mota ne, wasu kuma irin na da ne mai 'yar siririyar roba a ciki. In irin na da ne, ka sayi robar guda biyu ka ajiye, ba ta da tsada, ita kuma ke fara mutuwa.

Abin da za ka ɗauka

Famfo, tiyub sabo guda ɗaya daidai girman tayarka, kayan faci da sholisho da ɗan guntun samfefa, ƙarfen banɓare taya guda biyu, sifana 15 da 10, da makullan nan masu kusurwa shida idan kekenka na zamani ne. Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi. Dabino ko gyaɗa a aljihu, kuɗi 'yan canji tunda ba ko'ina ake samun mai POS ba, da waya cike da caji. Ka ɗaure kayan a kariya da roba maimakon ka goya jaka a baya.

Rasit ɗin keken ma ka ɗauki hotonsa a waya, tare da lambar da aka buga a jikin ƙarfensa, wadda galibi take ƙarƙashin gindin feda ko kusa da sirdi. Baƙo a kan sabon keke fil a ƙauye ana iya tsayar da shi a tambaye shi, kuma masu tambayar suna da hujja.

Tufafi marasa nauyi, masu haske. Ƙafar wandonka ta dama ka naɗe ta ko ka cusa a safa saboda sarƙa. Babbar riga da silifa ka bar su a gida. Hular kwano kuwa ni ina sawa, kuma ina roƙonka ka sa, ko da za a kalle ka.

Zaɓen hanya da lokaci

Kafin komai ka tambayi lafiyar hanya. Halin da wasu yankunanmu suke ciki ba ɓoyayye ba ne, kuma hanyar da take lafiya bara ba lallai ta kasance haka bana ba. Ka tambayi direbobin tasha ko wani ɗan garin da kake son zuwa, ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa da lokacin da za su sa ran dawowarka. In da hali ku fita ku biyu.

Nisa kuma kada ya wuce kilomita 15 zuwa 20, zuwa da dawowa. Wanda bai saba ba yana yin kamar kilomita 10 zuwa 12 a awa ɗaya a hanyar ƙasa, ka ga ke nan tafiyar awa biyu ce har da hutu. Na san za ka ji kamar ya yi kaɗan, amma mazaunanka ba su saba da sirdi ba, kuma in wani abu ya kwance ya zama nisan da za ka iya turowa ne ko ka samu mai a-daidaita-sahu ya ɗauko ka.

Da sanyin safiya ake kama fara. Ka yi sallar asuba, ka ɗan ci wani abu mara nauyi, gari na yin haske ka fita, ka dawo kafin ƙarfe goma. A bazara, watan Afrilu musamman, zafin Kano yana haura digiri 40 da rana, ba lokacin gwada ƙarfi ba ne. A ganina babu lokacin da ya kai kaka daɗi, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta daskare, ƙura ba ta taso ba, ga dawa da gero a tsaye ko an fara girbi.

Akwai wata dabara game da iska da ba kowa ke lura da ita ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Idan ka fita daga Kano ka yi yamma ta Kabuga da Rijiyar Zaki zuwa wajen Janguza, iskar tana bayanka tana tura ka, za ka ji keken kamar shi ke tuƙa kansa, sai ka zarce inda ka yi niyya. Ka juyo kuma sai ka tarar da ita a ƙirjinka, ga gajiya ga rana ta ɗaga. Saboda haka a hunturu ko dai ka fita ta wajen Gezawa ka fuskanci iskar tun kana da ƙarfi ta kuma rako ka gida, ko kuma in yamma ka yi, ka juyo tun ba ka gaji ba.

A kan hanya

Kafin ka bar unguwa ka yi zagaye biyu a layinku, ka taka birki da ƙarfi sau uku ko huɗu. A kwalta ka tsaya a hannunka na dama, kamar yadda doka take a Najeriya tun 1972, kada ka bi hannun da motoci ke fuskantar ka da sunan kana son ganinsu. Idan tirela ta taho daga baya, iskarta tana jan keke, gara ka sauka gefen titi ka bar ta ta wuce.

Da ka shiga hanyar ƙasa, ka sassauta riƙon kan keken, gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwasa. Ka riƙa kallon gaba kamar taku goma, ba tayar gabanka ba, domin inda idonka ya kalla nan keke yake zuwa. Ka bi sawun da babura da masu keken garin suka daddaɓe, sun fi ka sanin inda ƙasa take da ƙarfi.

Yashi shi ne babban malamin wannan rana. In ka hango shi, ka rage giya tun kafin ka shiga, ka ja jikinka baya a kan sirdi don gaban keken ya yi sauƙi, ka ci gaba da murza feda ba tsayawa, kada ka juya kai da ƙarfi, kada kuma ka taɓa birkin gaba. In ya yi zurfi ka sauka ka tura, mutanen garin ma haka suke yi. A gargada da ramuka ka ɗan ɗaga daga sirdi, fedoji biyu a daidai juna, ƙafafunka su sha jijjigar. A gangara ka haɗa birki biyu a hankali, kana dannawa kana saki. Giya kuwa ana canza ta ne ana cikin tuƙi, amma a sassauta taku a daidai lokacin, kuma kafin a fara hawa tudu, ba a tsakiyarsa ba.

Bayan kamar minti ashirin ka tsaya a inuwa, ko ba ka gaji ba. Ka sha ruwa, sannan ka sake bin keken da hannu: wuya, feda, notin wili, sirdi, kariya. Wannan tsayuwar ita ce zuciyar fitar gaba ɗaya, don jijjigar farko ce ke tona duk abin da ba a ɗaure da kyau ba. In ka ji wayoyin wili suna 'yar ƙara "tin, tin" a farkon tafiya, zama suke yi, za su daina. Ƙarar da ke maimaituwa duk zagayen feda, ko duk zagayen taya, ita ce ba a yi wa shiru. Ka tsaya ka nemo ta.

Ka kula da inda kake ajiye keken in za ka huta. Ƙarƙashin aduwa da bagaruwa da magarya cike yake da ƙaya, gefen hanya kuma akwai tsidau, wanda ƙwayarsa ɗaya ta isa ta sace maka iska. Ka ɗauki keken ka kai shi inuwar, kada ka hau shi har can. Kafin ka tashi ka juya tayoyin ka cire duk abin da ya maƙale tun bai shige ba.

Idan duk da haka taya ta sace, kada ka ci gaba da hawa ko taku goma ne, za ka lalata tiyub da wili. Kifa keken, kwance wilin, banɓare gefe ɗaya na tayar, zaro tiyub. Abin da aka fi mantawa shi ne a shafa cikin tayar da yatsu a hankali a nemo ƙayar, in ba haka ba sabon tiyub ɗin ma zai bi sawun na farko. Ka ɗan hura wa sabon iska kaɗan kafin ka sa shi don kada ya naɗe, ka mayar da tayar da hannu. In faci za ka yi, ka hura tsohon ka kai shi kusa da leɓenka za ka ji inda iska ke fita, ka goge wurin da samfefa, ka shafa sholisho siriri, ka jira ya bushe har ya daina sheƙi, sannan ka manna ka danne sosai. Gaggawar mannawa tun yana ɗanye ita ke sa faci ya tashi.

Mutanen da za ka tarar

Hanyar nan da kake yawon shan iska a kai, hanyar neman abincin wasu ce. Ka yi sallama ga duk wanda ka wuce. In ka zo inda dattawa suke zaune a bakin hanya ko ƙofar masallaci, ka rage gudu ƙwarai, in wurin matsattse ne ka sauka ka gaishe su: "Sannunku da hutawa, Baba, wannan hanyar tana fita titi kuwa?" Za su nuna maka, wani lokaci har da gajeriyar da ba ka sani ba. Kada ka ratsa gonar mutane ko an girbe. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar mata da yara hoto ba izini.

In ka haɗu da garken shanu a burtali, ka sauka ka raɓe gefe, kada ka kaɗa ƙararrawa a tsakiyarsu, ka bar makiyayin ya wuce da su. Kare in ya biyo ka, gudu yana ƙara masa ƙaimi, ka sauka ta ɗaya gefen keken ya zama tsakaninku, ka ci gaba da tafiya a hankali har ka bar yankinsa. Amalanke da jaki mai kaya su ke da hanya, kai ne za ka kauce.

Ruwa ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai kama ka ba. Idan ka ji jiri, ko ciwon kai, ko zuciyarka na tashi, tafiya ta ƙare a nan: ka nemi inuwa, ka jiƙa kanka da wuyanka, ka sha ruwa, ka nemi abin hawa.

Da ka dawo gida

Kafin ka shiga wanka ka ba keken minti goma. Goge ƙurar da tsumma mai ɗan danshi. Sarƙar ka share ta da busasshen tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan kana juya feda baya, sannan ka sake goge abin da ya yi saura a waje, domin man da ya zauna a waje ƙura yake tarawa ta zama kamar samfefa. Baƙin man da aka juye daga inji kada ka kusantar da shi, cike yake da garin ƙarfe.

Ka rubuta abin da ka lura da shi tun yana sabo a ranka: gwiwa ta yi ciwo ta gaba, wato sirdi na son ƙarin tsayi, ko tafin hannu ya mutu, ko wata giya tana tsalle. Za ka ga hannun birki ya ƙara nisa fiye da jiya, wannan sabuwar waya ce ta saki jiki, ba lalacewa ba ce. Bayan fita uku ko huɗu irin wannan, ka mayar da keken wurin mai gyara ya ja wayoyin birki da na giya, ya sake ɗaure wili, ya duba ko akwai isasshen giris a boris, don wasu kekunan kusan a bushe suke fitowa daga kwali. Ka tsaya a kansa yana aikin kana kallo kana tambaya. Daga nan sai ka fara ƙara kilomita biyar-biyar duk mako.